Ɗaukaka Ƙara Kan Umarnin Kariya a Kotun Iyali ta Ingila



An nemi in yi bayani kan umarnin da kotun iyali ke bayarwa don hana wani tsangwamar wani, da hanyar da ake bi idan ba a gamsu da shi ba. Dokar Ingila da Wales zan kawo, don Sikotilan tsarinta daban ne.

Tushen umarnin shi ne sashe na 42 na Dokar Iyali ta 1996. Ma'aurata, da waɗanda suka rabu, da dangi na kusa, duk suna iya nemansa a kan juna, kuma ba a biyan kuɗin shigar da ƙarar. Sashe na 45 ya ba alƙali damar bayar da shi tun kafin ya ji ta bakin wanda ake ƙara, idan ya hango haɗari. Nan ne ran mutanenmu ya fi ɓaci. Mutum na zaune a falo sai a ƙwanƙwasa ƙofa, a miƙa masa ambulan: kada ka kira ta, kada ka je kusa da inda take zaune, kada ka sa wani ya yi haka a madadinka. Sai ka ji ya ce, "An yanke mini hukunci a bayan idona, wallahi sai na ɗaukaka ƙara!"

To Alhaji, a yi haƙuri a karanta takardar har ƙarshe. Doka ta ce dole a ba shi damar zuwa ya faɗi nasa, kuma yawanci ranar zaman na nan a rubuce. Ranar ce damarsa mafi girma. Zai iya musanta zargin ya nemi a saurari shaidu. Zai iya ɗaukar alkawari a gaban kotu ba tare da ya amsa laifi ba, kodayake kotu ba ta karɓar alkawari a inda aka yi duka ko barazanar duka kuma ta ga sai umarni ne zai kare mai ƙara. Wanda ya ƙi zuwa don fushi ya bar fagen ga abokin shari'arsa. Idan kuma al'amura sun canza daga baya, sashe na 49 ya ba shi damar komawa kotun ya nemi a sassauta umarnin ko a soke shi. A ganina, mafi yawan masu kurarin ɗaukaka ƙara ɗayan hanyoyin nan biyu suke buƙata.

Shi ɗaukaka ƙara ba sake shari'a ba ne daga farko. Alƙalin sama ba ya kiran shaidu su maimaita magana. Hukuncin da aka yanke yake dubawa, yana neman ɗayan biyu: ko hukuncin kuskure ne, ko an tafka babbar ɓarna a tsarin sauraron da har ta haifar da rashin adalci. "Ƙarya ta yi mini" ba hujja ba ce a nan, domin alƙalin da ya ga fuskokin shaidu ya ji muryarsu shi ake bar wa tantance mai gaskiya. Ku tuna kuma ma'aunin kotun iyali shi ne wanne ya fi rinjaye, ba tabbaci irin na shari'ar manyan laifuka ba.

Wa'adin kwana 21 ne daga ranar hukunci.  Idan alƙalin gunduma ne ya yanke, sai ka fara neman izini, ka nuna cewa ƙarar na da alamar nasara ta gaske ko akwai wani dalili mai ƙarfi. Sabuwar shaida kuwa da wuya take shiga. Tun shari'ar Ladd da Marshall ta 1954 aka gindaya sharuɗɗa: ta kasance ba ka iya samo ta ba a lokacin duk da ƙoƙarinka, tana iya yin tasiri a hukuncin, kuma abin gaskatawa ce. Saƙonnin WhatsApp da suke cikin wayarka ranar zaman, ka manta ba ka nuna ba, da wuya su tsallake sharaɗin farko.

Abin da ya fi damuna shi ne biko. Shigar da ƙarar ɗaukaka ba ya dakatar da umarnin. Yana nan da ƙarfinsa har sai kotu ta ce akasin haka, kuma tun 2007 saɓa masa laifi ne da zai iya kai mutum ɗaurin shekara biyar. A gida, mace ta yi yaji sai a tura kawu ko liman, kuma kowa ya san alheri ake nufi. A nan, idan takardar ta hana tuntuɓa kai tsaye ko ta hannun wani, kiran da kawu zai yi mata da yawunka, ko daga Kano ya bugo, kai za a tuhuma da shi. Ko ita ce ta fara aiko da saƙo, umarnin a kanka yake. Dattawanmu da ke zauren nan, don Allah idan aka zo muku da irin wannan aiken, ku ce a fara nuna muku takardar.

Iyayenmu mata, ƙofar nan taku ce ku ma. Wadda aka hana ta umarni tana iya ɗaukaka ƙara bisa waɗannan ƙa'idojin. Kowane ɓangare dai ya yi lissafi tukuna: za a buƙaci rubutaccen hukuncin alƙalin farko, wanda sau da yawa sai an biya ake fitar da shi daga faifan kotu, kuma wanda ya faɗi ana iya ɗora masa kuɗin lauyan abokin shari'arsa.

 Ga fili ga masu tambaya.