Kukan Sitiyari Gargaɗi Ne



Duk shekara idan Sallah ta gabato, mukan ɗebi iyalanmu a mota mu nufo gida, alhali sitiyari ya daɗe yana kuka mun toshe kunne. Kowane kuka kuwa da ma'anarsa.

Idan muka murɗa sitiyari muka ji gunji, galibi man sitiyari ne ya ragu, ko iska ta shiga famfonsa. Sai mu nemi inda yake yoyo a gyara, sannan a zuba irin man da kamfani ya ƙayyade. Motocin da sitiyarinsu ke aiki da lantarki ba su da wannan mai. Ƙara mai tsini da sanyin safiya kan nuna bel ya saki ko ya tsufa. Ƙas-ƙas wajen shan kwana kuwa daga shaf yake: robarsa ta yage, giris ya zube, yashi ya shiga.

Mafi haɗari shi ne ƙwanƙwasa a kan gargada, sitiyari yana lilo a hannu. Wannan alama ce tayarod ko boljoyin ya cinye. Bakanike ya ɗaga motar da jak ya girgiza taya. In ya ji sako-sako, a canza abin da ya lalace, a daidaita tayoyin. Ranar da tayarod ya tsinke ana cikin gudu, taya ta daina bin umarnin direba ke nan.

'Yan'uwa, rigakafi ya fi magani. Kuɗin gyara bai kai ran ɗa guda ba. Allah Ya kawo mu gida lafiya, amin.