Sa'ad da Al'ummai Suka Kewaye Urushalima

Cikin shekaru 50 ɗin nan, duk lokacin da yaƙi ya tashi a ƙasar Isra'ila, sai wani ya tare fasto a bakin ƙofar majami'a da tambaya: "Baba, ƙarshen ne ya zo?" Bari mu duba wannan tambaya yau.

Annabi Ezekiyel, sura 38 da 39, ya yi maganar Gog na ƙasar Magog, wanda zai taso daga can arewa da babbar runduna, har da Farisa da Kush da Fut, domin ya auka wa jama'ar da aka komo da su ƙasarsu. Zakariya kuma, sura 12 da 14, ya ga al'ummai sun taru gāba da Urushalima. Mun gaskata wannan maganar Allah ce. Ganin an kafa ƙasar Isra'ila a 1948, ga yaƙin kwana shida a 1967, ga na 1973, masu bi da yawa suka ce lokaci ya yi.

Amma mu faɗi gaskiya, mun sha yin garaje. Wani Ba'amurke, Hal Lindsey, ya fitar da littafi a 1970 yana nuna Rasha ce Gog, sai ga Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991. A shekarar nan kuma Saddam Husaini ya harba makamai masu linzami kan Tel Abib. Iyayenmu suka kwana da rediyo a kunne, wasu har suka yi ban kwana da juna. Damina ta zo, aka koma gona. Bayan harin 7 ga Oktoba 2023 da yaƙin Gaza, mun sāke jin irin wannan lissafi, wannan karon a wayoyin 'ya'yanmu. Alhali a Matiyu 24:36 Ubangiji ya nuna ko mala'iku ba su san ranar ba.

Abin da ya fi damunmu, 'yan'uwa, shi ne masu ɗaukar waɗannan surori su laƙa wa maƙwabcinsu Musulmi sunan Gog. Ezekiyel bai sa takobi a hannunmu ba. A can Allah ne da kansa ya yi hukunci, da girgizar ƙasa da annoba da ƙanƙara da wuta. Waɗanda suka je ziyarar ibada a cikinmu sun ga Larabawa Kirista a Baitalami da Nazarat. Idan muna roƙon salama domin Urushalima, har da su muke roƙa wa, da kowace uwa da ta binne ɗa, Bayahudiya ko Bafalasɗiniya.

Sa'an nan mu karanta Zakariya 14 har ƙarshe, gama yawancinmu a aya ta 3 muke tsayawa. Aya ta 16 ta nuna waɗanda suka ragu daga al'umman da suka kawo yaƙin za su riƙa haurawa Urushalima kowace shekara, su yi wa Sarki sujada, su kiyaye Idin Bukkoki. Har Masar an ambata da suna cikin waɗanda ake sauraron zuwansu.