Hoton Ɗalibi, Daga Kyamara Zuwa Takarda



An ba ni ɗan lokaci in yi magana a kan abin da muke rainawa: ƙaramin hoton fasfo da muke liƙawa a fom ɗin 'yan aji shida da takardar shaidar kammala firamare. Yaron Tafoki zai fito da wannan takarda bayan shekara goma yana neman gurbin karatu ko aiki. In fuskar ta koɗe, wa zai shaide shi?

Galibi waya muke ɗora wa laifi, mu ce tamu ba ta da tsada. Ni ban yarda ba. Hoton fasfo mai faɗin milimita 35 da tsawon 45, in aka buga shi a ɗigo 300 cikin kowane inci, bai kai rubu'in megafiksel ɗaya ba. Kusan kowace waya a ɗakin nan ta ninka haka sau da yawa.

Matsalar farko haske ce. Kyamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta ne ta raba daidai. Ka tsayar da yarinya mai farin hijabi a jikin farin bango, sai ta ga fari ya yi yawa ta rage haske, fuskar ta nutse cikin duhu. Abin ya daɗe: shekara da shekaru kamfanin Kodak na Amurka yana daidaita launin wankinsa da hoton farar mace, mu masu duhun fata muka riƙa fitowa kamar inuwa. A tsayar da yaro a inuwar baranda yana fuskantar haske, a taɓa fuskarsa a allon waya kafin a ɗauka, da kyamarar baya, daga nisan taku biyu. A goge gilashin, musamman da hunturu.

Kada a tura ta WhatsApp yadda aka saba, don yana matse hoto. A tura a matsayin fayil.

Amma inda aka fi cutarmu wajen wanki ne. Kalmar ta samo asali daga zamanin fim, lokacin da ake tsoma takarda cikin ruwan sinadari. Launin yana cikin jikin takardar, shi ya sa hotunan iyayenmu suke nan. Yau ƙananan shaguna da yawa firintar tawada suke amfani da ita, ana ɗura mata tawada mai arha. Ranar farko hoton yana sheƙi, kowa ya yaba. Rana ta buge shi ya juya ja-ja, damina ta zo laima ta narkar da ido da hanci. Akwai tawada mai jure ruwa da rana, akwai kuma ƙananan injuna masu shimfiɗa rufin kariya a kan hoto, sai dai sun ɗan fi tsada, kuma mai shago ba zai faɗa maka ba sai ka tambaya.

Shawarata ga reshe ita ce makarantun da ke kusa da juna su haɗa hotunansu, mutum ɗaya ya kai Funtuwa sau ɗaya. A halin da hanyoyin Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara suke ciki, bai kamata a sake tura malami tafiya don hoto ya lalace ba. Wanda aka aika ya sa a buga guda ɗaya tukuna, ya ɗiga masa ruwa ya murza da yatsa. In launi ya biyo yatsan, ya nemi wani shagon.