Jawabi ga Iyalai: Mu Shuka Daidoya Don Kabewarmu Ta Yi 'Ya'ya

 

Da yawa daga cikinku kun shuka kabewa a bayan ɗaki nan Oforikrom, kuka kawo mana kuka iri ɗaya: ta yi yaɗo, ta yi fure, amma 'ya'yan suna yin rawaya su zube tun suna ƙanana. Sau da yawa ba laifin ƙasa ba ne, ƙudan zuma ne babu.

Ga yadda abin yake. Kabewa tana da fure iri biyu, namiji da mace. Ana gane macen da ɗan ƙullutu a ƙarƙashinta. Furen yana buɗewa da sassafe, kafin azahar ya rufe. In ƙudan zuma bai ɗauko garin furen namiji ya kai wa macen a wannan safiya ba, ƙullutun zai faɗi. Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce kusan kashi 75 cikin 100 na ire-iren amfanin gona suna buƙatar irin wannan taimako, ko yaya ne.

To me zai jawo ƙudan zuma cikin gari? Fure. Shawararmu ita ce daidoya, wadda Asante suke kira nunum. Tsiron ƙasarmu ne, yana son ruwan Kumasi, ganyensa na shiga miya, ƙananan furanninsa kuma suna tara ƙudan zuma.

Tunda yawancinmu gidan haya muke ko gidan 'yan'uwa, ku shuka a buhu ko tsohon bokiti. Ku fara neman izinin mai gida. Ku huda gindin buhun, ku cika shi da ƙasa haɗe da taki wanda ya ruɓe. Ku roƙi reshe mai tsawon taƙi ɗaya wurin maƙwabta, ku cire ganyen ƙasa, ku dasa, ku ajiye a inuwa har ya kama, sannan ku kai shi rana kusa da kabewar. Lokacin da ya fi shi ne farkon babbar damina, wajen Afrilu, ko ƙaramar damina a Satumba. In an tashi ƙaura, buhun ya bi ku.

Abu uku muke roƙo. Na ɗaya, in kuna tsinkar ganye, ku bar rassa biyu ko uku su yi fure. Na biyu, kada a fesa maganin ƙwari a kan fure, yana kashe mai amfani tare da mai ɓarna. Na uku, kada ruwa ya kwanta ƙarƙashin buhu, saboda sauro.

Iyaye mata sun tambaya game da harbi. Ƙudan zuma mai kiwo a fure ba ya neman faɗa, sai in an kama shi ko an taka shi. Ku hana yara jifa. Amma wanda aka harba fuskarsa ta kumbura ko numfashi ya yi masa wuya, a kai shi asibiti nan take.

Kafin daidoyar ta yi fure, ku yi aikin da hannu: da safe ku tsinki furen namiji, ku cire ganyen furen, ku goga tsakiyarsa a tsakiyar macen.

Wanda nasa ya kama, ya ba maƙwabcinsa reshe. Allah Ya sa albarka, Ya mayar da kowa gida lafiya.