Kusurwar Katangar Maƙabartarmu

Gudummawarku daga birane ta iso, Allah ya saka da alheri. Iyayenmu ne kwance bayan katangar nan mai tare zaizayar ƙasa, don haka kada mu maimaita kuskuren farko. Waccan a kusurwa ta tsage, domin an gina kowane ɓangare dabam, aka liƙe mahaɗar da siminti kawai, alhali jiƙaƙƙiyar ƙasa tana tura kowanensu waje. Bana daga kusurwa magini zai fara, ya sarƙa bulo mai inci 9 sahu-sahu, a zura rodi cikin ramukansa, a cika da kankare. A ƙasa kuma mu bar kafofin fitar ruwa.