A San Ciwo Kafin A Sayi Magani



An ce in yi magana a kan abin da aikin gwamnati ya koya mini. Ku gafarce ni, yau dai a garejin mota zan tsaya.

Na gaji wata tsohuwar Peugeot 504 daga mahaifina, irin waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Kwatsam sai ta tsiri wani hali: kullum da safe batir ya mutu, sai an tura. Mai gyaran waya na farko bai ko buɗe bonet ba ya ce batir ne. Na sayi sabo. Na biyu ya ce altaneta ce, ita ma na canza. Daga nan fiyus ya shiga ƙonewa, yaron gareji ya naɗa masa waya mai kauri, ya ce an gama. Bayan kwana uku, ina ɗauke da 'yata za mu makaranta, sai hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin sitiyari. Allah dai ya kiyaye.

Sai aka kai ni wurin wani dattijo. Kafin ya taɓa komai ya zaunar da ni yana tambaya: yaushe abin ya fara, me aka taɓa ƙara wa motar? Ya yi wa batir caji, ya ɗora mita, ya ga bolt 12.6. Aka tayar da inji, ya haura 14. Ya ce, "Ɗana, batir da altaneta ba su da laifi." Ya kashe komai, ya cire kan batir na ɓangaren da ke haɗe da jikin mota, ya sa ɗan ƙwan fitila tsakani. Ƙwan ya kama, alamar wani abu na shan wuta a ɓoye. Ya bi fiyus ɗaya bayan ɗaya yana zarewa, har ya zo kan wanda ƙwan ya mutu. Ashe wayar rediyo ce da aka bi da ita ta wata hudar ƙarfe ba roba, ta goge. In mota na tsaye tana zuƙar wuta kaɗan-kaɗan, in an faɗa rami ta manne da ƙarfe, fiyus ya ƙone. Shi kuwa fiyus an yi shi ne don ya ƙone a madadin mota. Ranar da muka naɗe shi, mun kori mai gadi ke nan.

Kuɗin gyaran bai kai na cefanen yini ɗaya ba. Ni kuma na riga na zubar da rabin albashina, an bar jaki ana dukan taiki.

'Yan'uwa, ga dalilin wannan labari. Muna shirin tara kuɗi saboda sakamakon jarrabawar ƙannenmu ya ja baya. Wasu sun ce fenti, wasu sun ce katanga. Ina roƙon kafin a kashe ko sisi, a tura mutum uku su zauna da malamai da ɗalibai, su duba rajistar zuwa aji, su ga wane darasi ne ba shi da malami. Mai yiwuwa ciwon ƙarami ne, yana inda ba mu duba ba.

Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ɗaukaka wannan makaranta.