Sa'ad da Masu Zuwa Wurinmu Suka Ragu

Yau maganarmu ta shafi 'yan'uwanmu masu koyar da motsa jiki, waɗanda ake ce wa koci, musamman waɗanda suke zaman kansu ba su da albashi. Muna da 'ya'ya a Jos da Kaduna da Abuja masu wannan aiki. Sukan fita da asuba zuwa gidajen mutane ko filin wasa, ana biyansu a mako ko a wata. In mutum uku suka daina zuwa, kuɗin haya da na makarantar yara sun taɓu ke nan.

Da fari, mu nemi dalilin tafiyar. A shekara ta 2020, lokacin kullen korona, an rufe wuraren motsa jiki. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na abinci suka hau, kuɗin koci kuwa yana cikin abin da iyali suke fara yankewa. Waɗansu sukan fara da zafi a Janairu, kafin Maris sun yi sanyi. Wani lokaci kuma matsalar daga koci take: yawan latti, ko alkawarin rage ƙiba cikin mako biyu. Saboda haka a tambayi wanda ya tafi cikin ladabi, a kuma saurara ba gardama.

Na biyu, mu tsare zuciyarmu. A Bisharar Yahaya sura 3, almajiran Yahaya Maibaftisma suka zo masa da ƙorafi, wai jama'a duk sun koma wurin Yesu. Yahaya bai yi kishi ba. Ya tuna musu cewa abin da mutum yake da shi, Allah ne ya ba shi. 'Yan'uwa, mutanen da muke koya wa ba mallakarmu ba ne. In wani ya koma wurin wani koci, kada mu ɓata sunan kocin, kada kuma mu tona asirin lafiyar wanda ya tafi. In ya biya kuɗin wata bai cinye ba, mu mayar masa da canjinsa. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Wanda aka sallama da mutunci yakan dawo, ko ya turo wani.

Na uku, mu sa hannu ga aiki. Wanda ba zai iya biyan koci shi kaɗai ba, zai iya in an haɗa su mutum biyar suka raba kuɗin. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, masu hawan jini da ciwon sukari kuwa suna nan cikin unguwanninmu. A lokacin samu mu shiga adashi, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Sana'a ta biyu kuma ba abin kunya ba ce: Manzo Bulus ya yi ɗinkin tanti a Koranti tare da Akila da Bilkisu.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka dubi kowane mai sana'a da cinikinsa ya ragu. Ka ba shi abincin yau, ka kiyaye shi daga kishi da fid da zuciya. Cikin sunan Yesu, Amin.